Tsinken Inna Ya Je Agege

Laraba: Zariya zuwa Ilori

Ƙarfe biyar saura kwata na asubahin Laraba na ɗaure jakata, ina ta rawar jiki kamar yarinyar da za a kai kitson Sallah. Shekarata arba'in da ɗaya, ina koyarwa a wata firamare nan Zariya, amma ban taɓa wuce Abuja ba. Yau ga ni zan je Legas! Sai dai ba yawon buɗe ido zan je ba. Aike na aka yi in je in taho da ƙanwata Sa'a.

Mijin Sa'a ɗan albasa ne a kasuwar Mile 12. Allah Ya yi masa rasuwa shekara uku da suka wuce, ya bar ta da 'ya'ya biyu a ɗaki ɗaya a Agege. Da ta fita takaba muka ce ta dawo gida, ta ce mu ɗan ba ta lokaci, ta shiga wata cibiya da 'yan unguwa suka buɗe, ana koya wa zawarawa da matasa sana'a. Mahaifiyarmu Inna ta ɗauka ɗinki ne ko girki, ta sa albarka. Sai makon jiya Sa'a ta bugo waya tana murna, wai ranar Asabar za a yi mata “firidam”, wato bikin yaye mai koyon sana'a, kuma dole wani babba daga gida ya zo ya tsaya mata. Inna ta ce, “Wace sana'a ce ma?” Sa'a ta ce ɗinkin takalma.

Saura ƙiris wayar ta faɗi daga hannun Inna. “Jikar Liman ce za ta zama baduku? A garin mutane? Binta, ki je ki tattaro min ita da 'ya'yanta. In tuwo ne ba mu rasa ba.” Ba zan ɓoye muku ba, ni ma a lokacin ra'ayina ke nan.

Har na kai zaure Inna ta kira ni. Ta zaro tsinke daga tsintsiya, ta gwada a tafin ƙafarta, ta karya daidai tsawonta. Ƙafafun Inna sun daɗe suna kumbura, shekara biyar ba ta iya sa komai sai wani silifas na roba da ta tsaga madaurinsa. Ta ce, “An ce Legas babu abin da babu. Ki sayo min takalmi. Na kamfani, a kanti. Ban ce na hannun wata ba.” Na naɗe tsinken a hankici na sa a jakar hannu.

Biyar da rabi motarmu ta tashi daga Kwangila, homa mai cin mutum goma sha takwas, kuɗin kujera dubu talatin da biyar. Bakwai muna Kaduna, goma da rabi muna Suleja. A Bida muka yi azahar, na ci shinkafa da kifi na dubu biyu, yaji kamar an yi wa mai girkin laifi. Shingayen hanya kuwa na fara ƙirgawa, da na kai sha ɗaya na haƙura.

A wani shinge bayan Mokwa aka ce kowa ya buɗe jakarsa. Jami'in ya warware hankicina, ya ɗaga tsinken yana jujjuyawa. “Hajiya, wannan wane irin magani ne?”

Kafin in buɗe baki direbanmu Ɗanladi ya leƙo ta taga. “Oga, ba magani ba ne, lambar takalmi ce. Ta tsohuwa ce a gida.”

Mota ta ɗauki dariya, shi ma jami'in ya dara ya ce kakarsa haka take yi. Na ce, “To a hankali dai, in ya karye kai za ka je ka yi wa Inna bayani.”

Biyar da rabi muka hau gadar Jebba. Wayyo ruwa! Na manne fuskata da gilashi ina ta salati, matar da ke kusa da ni ta ce in adana salatin, tukuna ma ban ga teku ba. Bayan magariba muka shiga Ilori. Ɗanladi ya ce shi ba ya tuƙin dare, ya nuna mana masaukin mata a bayan tasha, dubu uku. Nan na fara cin amala. Launinta ya tsorata ni, amma na suɗe kwanon.

Alhamis: Ilori zuwa Agege

Shida daidai muka kama hanya. Ogbomosho, Oyo, ga mu a Ibadan ƙarfe goma. Daga nan kilomita ɗari da talatin ko kusa da haka, amma cunkoson bakin Legas ya cinye mana awa guda cur. Motarmu Alaba Rago za ta, don haka ƙarfe ɗaya Ɗanladi ya sauke ni a tashar Baja da ke bakin Legas, ya sa ni a danfo, wato ƙaramar bas ɗin haya, mai zuwa Agege, ɗari bakwai.

Jama'a, danfo ba mota ba ce, jarabawa ce. Ban gama sa ƙafa ta biyu ba ta ja. Sa'a ta gaya min sunan inda zan sauka, kuma na ji kwandasta ya kira shi da kunnena. Na ce, “Malam, a nan zan sauka, don Allah.” Ko waiwayowa bai yi ba. Na sake faɗa cikin ladabi, muna ta tafiya. Sai wata budurwa mai hijabi a bayana ta taɓa ni. “Anti, ba haka ake yi ba fa. Cewa za ki yi ‘Owa!’ da ƙarfi.” Ai kuwa na buɗe muryar da nake tsawata wa 'yan aji huɗu: “Owa!” Direba ya taka birki sai da kowa ya dungura.

Na sauka na wuce wurin da tasha biyu. Wani mai shayi, mutumin Maraɗi, ya saka ni a Keke Napep ya yi wa mai keken kwatance da Yarbanci. Abin da ya ba ni mamaki, ko'ina Hausa nake ji, ga masu tsire, ga masu yankan farce, ga ƙamshin burodin nan da ake ta ba mu labari. Uku saura Sa'a ta rungume ni a ƙofar gidansu, muka yi kukanmu muka more. Na lura tafin hannunta ya yi kanta, amma ta yi ƙiba, idonta ya washe. Maganar Inna kuwa, na ce bari sai gobe.

Juma'a: cibiya

Takwas na safe ta kai ni cibiyar, tafiyar minti goma a ƙasa. Wani tsohon sito ne aka raba da katako. Nan 'yan mata na ɗinki, can samarin da suka bar okada suna koyon haɗa sola, gaba wasu na gyaran waya. A ƙurya kuma ɓangaren takalma, mata tara, warin gam da fata ya cika wurin. Ogarsu Iya Basira, Bayarabiya ce haifaffiyar Agege, Hausarta ta fi ta wasu 'yan ajina. Ta ce, “Yaya, sannu da hanya. Ƙanwarki ta zo min ba ta iya riƙe almakashi ba. Yanzu in ta yanka fata ko ni sai na tsaya kallo.”

Na ji daɗi, kuma na ji haushin kaina da na ji daɗin. Don in kauce, na ciro hankici na ce wa Sa'a ta raka ni kanti. Tana ganin tsinken ta gane. Ta karɓa ta daɗe tana kallonsa.

“Yaya, na san abin da aka aiko ki. Ba sai kin faɗa ba.” Ta share ido da gefen mayafi. “Amma ko Legas duka za ki zaga ba za ki samo wa Inna takalmi da wannan ba. Tsinke tsawo kawai ya sani. Ƙafarta ta hagu ta fi ta dama faɗi, ga ƙashin da ya turo a gindin babban yatsa, kuma da yamma ta fi kumbura. Ni nake gasa mata ita da ruwan zafi kafin in yi aure.”

Na ce, “Ta ce na kamfani.”

“To ki zauna ki ga kamfani.”

Na zauna a benci tun tara har la'asar, sallah kawai ta tashe mu. Ta aza tsinken a kwali ta zana, ta ƙara wa hagu faɗin yatsa guda. Ta zaɓi fata mai laushi ruwan ƙasa, ta fafe wajen ƙashin nan, ta sa soso a ciki, ta yi madauri mai mannewa yadda za a sassauta shi in ƙafa ta hau. Tana yi tana amsa tambayar ƙananan ɗalibai, wannan da Hausa, waccan da Yarbanci. Har wata mata ta zo karɓar takalman makaranta na 'ya'yanta, na ji ta kira ta “Oga Sa'a”. Sa'armu, wadda ko ƙwai ta soya sai ta ƙona! Wallahi sai na ji kaina yana ƙara girma.

Asabar: firidam

Sha ɗaya na safe aka kafa rumfa a gaban cibiya, mutum bakwai za a yaye. A kan tebur an jera zuma, gishiri, rake da goro. Limamin unguwa ya buɗe da addu'a, sannan aka fara kira ɗaya bayan ɗaya. Sa'a ce ta farko. Ta fito ta durƙusa gaban Iya Basira, aka lasa mata zuma don sana'a ta yi zaƙi, aka lasa mata gishiri don kada ta lalace. Ina ta gyaɗa kai, abin ya burge ni.

Kawai sai na ga Iya Basira ta jawo bulala daga ƙarƙashin tebur ta ɗaga.

Ban san lokacin da na tsallake kujeru biyu ba. “Ke! Wallahi ba ki isa ba! Uwar 'ya'ya biyu za ki daka a gabana? Me ta yi miki?” Na riƙe bulalar gam, mayafina a ƙasa.

Rumfa ta yi tsit, sannan ta fashe da dariya, har limamin unguwar sai da ya rufe baki da rawani. Sa'a ta ja zanena tana cewa, “Yaya, don Allah, al'ada ce!” Iya Basira ta dafa ni tana haki don dariya. “Yaya, bulalar ƙarshe ce. Taɓa ta kawai zan yi. Ma'anarta daga yau ta zama oga, babu mai sake ɗaga mata hannu ko murya a kan sana'a.” Na saki, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Ta ɗan taɓa kafaɗar Sa'a sau uku, mata suka rangaɗa guɗa.

Sai Iya Basira ta juyo gare ni, ta daina dariya. A hannunta akwai guduma da almakashi da basilla, an ɗaure da jan ƙyalle. “Kayan aiki ba ma ba wa ɗalibi kai tsaye. Na gida muke ba wa, shi ya miƙa in ya yarda. In bai yarda ba, mu mayar. Yaya, kun yarda ta ci abinci da wannan?”

Ta ɗora min su a hannu. Suna da nauyi. Muryar Inna na kunnena, ga Sa'a a durƙushe ta ƙi ɗago kai, ga 'ya'yanta biyu a gaba sanye da takalman da uwarsu ta ɗinka. Na ce a raina, Binta, ke da kika tare mata bulalar wasa, ke ce za ki yi mata ta gaske? Na durƙusa na sa mata su a hannu. Na ce, “Mun yarda. Allah Ya sa albarka.” A nan kuka ya ƙwace min.

Litinin da Talata: komawa

Lahadi Sa'a ta kai ni na ga teku, salatin da na adana duk na kashe shi a can. Litinin shida na safe na hau mota daga Agege, na riƙo burodi huɗu da takalmi a cikin kwali. Muka kwana Mokwa. Duk shingen da muka wuce gabana sai ya faɗi, ba don jami'ai ba, don shingen da ke jirana a gida.

Talata ƙarfe huɗu na yamma na yi sallama. Inna na tsakar gida a kan tabarma, ta leƙa bayana. “Ina suke?”

Na ce, “Inna, ga saƙonki tukuna.”

Ta buɗe kwalin tana hararata. Ta zura dama, ta shige. Ta zura hagu a hankali tana jiran zafin da ta saba, shiru. Ta miƙe, ta taka zuwa bakin rijiya, ta dawo, ta sake zuwa har zaure. “Ikon Allah! Kamar da ƙafata aka je. Kin ga abin da nake gaya miki, kayan kamfani daban ne. Wane kamfani ne wannan?”

Na ce, “Kamfanin jikar Liman ne.”

Inna ta tsaya cak. Na jira ta cire ta jefe ni da shi. Ta sunkuya ta shafa wajen ƙashin nan inda aka fafe, ta daɗe hannunta a wurin. Can ta ce, murya ƙasa-ƙasa, “Ashe ba ta manta ba.”

Sai ta nufi inda tsintsiya take ta zaro tsinke biyu. “Gobe ki je ki gwado ƙafar Gwaggonku Hari, ita ma tana fama. Ki ce wa Sa'a ta zo da Sallah mu ga yara, in an gama ta koma bakin aikinta.” Da takalmin ta yi alwalar magariba, sai da na tuna mata ta cire.

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Ɗanladi direba, da budurwar da ta koya min “Owa”, da mai shayin Maraɗi. Iya Basira kuma, ki yafe min bulalarki da na riƙe.