Guzurin da Ya Fi Tanti Nauyi

Ni 'yar fari ce, don haka Umma ba ta taɓa kiran sunana ba. "Ke" take ce mini, in kuwa da baƙi take magana sai ta ce "waccan ta Salford", inda nake zaune kusa da Manchester. Ba ta yabona, ba ta jan doguwar hira da ni. Abu guda ne ba ta taɓa yi mini rowarsa ba: duk sanda zan bar gidanmu na unguwar Handsworth a Birmingham, sai ta tsaya a bakin ƙofa ta ce Allah ya kiyaye hanya. Shekarar da na ce zan yi doguwar tafiya a ƙafa, sai ta riƙe wannan addu'ar.

Aikina bayar da magani ne a wani kemis, tsayuwa daga safe har yamma a ƙarƙashin farar fitila. Abin da ke wanke mini kai shi ne ranar Asabar, ni da ƙawayena biyu mu hau jirgin ƙasa mu fita bayan Manchester mu taka duwatsu. Sannu a hankali abin ya shiga jininmu, har muka yanke shawarar bin wata doguwar hanya ta arewa, tafiyar kusan mako biyu, kowa da kayanta a baya, inda yamma ta yi mana nan za mu kafa tanti. Baba na fara gaya wa, ya ce shi ba ruwansa, in je in ji ta bakin mahaifiyata. Umma ta saurare ni a waya har na gama, ta tambayi inda za mu riƙa kwana. Da na ce a tanti sai ta ce, da ɗakina, da gadona, da aikina, in tafi jeji in kwanta kamar wadda aka kora? Daga nan ba ta ce je ki ba, ba ta ce kada ki je ba. Wallahi da faɗa ta yi da ya fi mini sauƙi. Ban gaya wa ƙawayena ba, amma na ƙudurta a raina cewa in ban ji addu'ar nan daga bakinta ba, ba inda za ni.

Akwai kuma abin da na ɓoye mata. Bayana ya daɗe yana damuna saboda tsayuwa. Likitata ta tura ni wurin mai gashin ƙashi, ita kuma ta ce tafiya ba laifi, tana ma da amfani, amma kada in kuskura in ɗora wa bayan nan kaya mai nauyi. Shi ya sa zaɓen tanti ya zame mini babban aiki, domin a jakar matafiyi kusan shi ne uban kaya.

Na shiga wani babban shagon kayan yawon daji a tsakiyar Manchester, inda suka kakkafa tantuna a ƙasa, kowa ya cire takalmi ya shiga ya gwada. Wanda ya fi kowanne rashin nauyi mai yadi ɗaya ne, ba shi da sandunan kansa, da sandunan dogarawar tafiya ake tayar da shi. Na rarrafa na shiga na kwanta rigingine, yadin yana kusan taɓa hancina, kafaɗuna suna gogar gefe da gefe. Mai shagon ya ja zif ya rufe ni. Na tuna inda ake kwantar da mutum a irin wannan ƙunci, na ce masa ya buɗe, ya buɗe yanzu. Bawan Allah ya yi ta ba ni haƙuri, ya kuma gaya mini gaskiya cewa irin wannan, numfashin mutum yana taruwa a jikin yadin, da asuba ya riƙa ɗigo masa a fuska.

Na ce masa ni buƙatata daban ce. Ina son wanda zan zauna a ciki in miƙe wuya in ɗaura ɗankwalina, in sauya kaya ba tare da na zama abin kallo ba, in kuma ruwa ya tsare ni in yi salla a zaune. Ya nuna mini wani kore mai yadi biyu, na ciki mai raga, na waje mai tare ruwa, da ɗan fili a bakin ƙofa na ajiye takalma. Na shiga na zauna zaman tahiya, na gwada sujada, wata Baturiya da ke duba jakunkuna ta kawar da kai. Ya ɗan fi na farko nauyi, amma duk da haka bai kai mudun shinkafa ba. Na yi ta jujjuya su biyun a hannu har mai shagon ya gaji da tsayuwa, sannan na ɗauki koren.

Daga ranar na zama mahaukaciyar sikeli. Duk abin da zai shiga jaka sai ya hau sikelin kicin. Na yanke mariƙin buroshin haƙori, na raba sabulu biyu, na ajiye babbar darduma na ɗauki wani siririn ƙyalle. Da na gama, jakar ta yi daidai da abin da bayana zai iya, babu wurin ƙara ko cokali.

Ana saura kwana biyu tafiya na tafi Birmingham sallama, da jakar a shirye, domin daga can zan wuce in haɗu da ƙawayena. Na kafa tantin a ɗan filin bayan gida don Umma ta gani da idonta, ko hankalinta zai kwanta. Ta leƙo ta tagar kicin, can ta fito tana goge hannu, ta zagaya shi, ta taɓa yadin da yatsa biyu. Ta ce, "Wannan ai sai ka ce..." sai ta haɗiye sauran. Na san abin da ta gani, ni ma na gan shi a shago. Umma tana tsoron bakin uwa, ba za ta furta wa 'yarta irin wannan kalma ba. Ta koma kicin ta ɗora tukunya.

Kwana biyun nan gidan bai huta da ƙamshin suya ba. Ba ta yi mini zancen tafiya ba ko sau ɗaya, sai daka da soye-soye. Ina kallo, na san inda aka nufa. Safiyar tafiya na sauko na tarar da jakata a falo ta kumbura kamar an hura ta. Dambun nama cike da roba, soyayyar kaza, cincin, garin kunun gyaɗa, dabino, kwalbar zuma, kwalbar man shanu, ga ƙullin yaji. Da hannunta ta cusa su, har da aljihunan gefe. Na kama maɗaurin na ɗaga, wani abu ya soke ni a ƙugu har sai da na cije leɓe.

To, ya zan yi? Wa ya taɓa mayar wa uwa guzuri? In na ce ya yi yawa, na ce mata ba na buƙatarta ke nan, ita da ba ta da wata hanyar yi mini magana sai wannan. In kuma na faɗi dalili, na miƙa mata hujjar hana ni da hannuna. Gaba kura, baya sayaki. Haushi ya kama ni, na kaina da nata da na buroshin da na yanke a banza. Na durƙusa na yi godiya, na ce Allah ya saka da alheri. Ta ce amin a taƙaice. Na saɓa jakar na nufi ƙofa a hankali, kunnena yana baya, ina jiran addu'a. Maimakon haka sai na ga ta yafa mayafi ta sa takalmi, ta ce mu je ta taka mini zuwa wurin bas. Umma da rakiyarta ba ta wuce bakin ƙofa.

Ina gaba tana baya. Na yi iya ƙoƙarina in miƙe, amma kowane taku sai na ji shi a ƙashin bayana. Ba mu kai ƙarshen layinmu ba ta ce, "Ke, sauke."

Na ce ai ba komai, mun kusa.

"Na ce sauke. Mai rakiya ke ɗaukar kaya."

Na ce Umma don Allah, mutane suna kallo, ina ni ina barin ki da kaya? Ko kallona ba ta yi ba. Ta naɗe gefen mayafinta ta yi gammo, ta ce in kama mata. Haka muka bi titi, dattijuwa da jakar 'yan yawon daji a ka, ƙatuwar 'yarta tana biye hannu na dukan cinya. Mai shagon kayan miya da ke kan kwanar titi ya bar abin da yake yi ya bi mu da ido. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Ina ganin jijiyar wuyanta ta tashi, numfashinta ya sauya, amma ba ta tsaya ba sai a wurin jiran bas.

Ta sauke da ƙyar, ta zauna a benci har numfashinta ya dawo. Sannan ta buɗe jakar ta lalubo tantin a cikin 'yar jakarsa, ta ɗora a tafin hannu ɗaya, ta ɗauki robar dambu a ɗaya hannun. Ta ɗan jijjiga su. Ido ba mudu ba, amma ya san kima, balle hannun da ya shekara yana awo.

"Tun yaushe bayan yake ciwo?"

Ashe ta gani. Na faɗa mata duka, da abin da aka ce mini game da kaya mai nauyi, da dalilin da ya sa na yi ta wahalar neman wannan tantin. Na gama na sunkuyar da kai. Kalma ɗaya ta rage ta ce mu koma gida, kuma na san zan bi ta. Bas ta zo ta tsaya, ƙofa ta buɗe, mutane suka shiga. Umma ba ta motsa ba, ni ma ban motsa ba. Direban ya dube mu, ya rufe ƙofarsa ya tafi.

Sai ta ware mayafin ta shimfiɗa a kan bencin. Ta ciro kwalbar man shanu ta ajiye, ta ciro zuma, ta ciro kaza, cincin, garin kunu. Kowanne sai ta ɗan riƙe shi kafin ta ajiye. Kwana biyu ta yi a tsaye a kansu. Ta ɗebi dambu cikin tafi biyu ta ƙulle a leda, ta haɗa da yajin da 'yan dabino, ta mayar. Tantin ta sa a ƙarshe, ta danna shi da kyau, ta ja zif. Ta ɗaga jakar da hannu ɗaya ta gwada, sannan ta ce in juya, ta saɓa mini da kanta.

Wata bas ɗin ta iso. Na sa ƙafa ɗaya a ciki na tsaya, na kasa ƙarasawa, na baya suna jira.

"Ke," in ji ta. "In ya motsa ki dawo, ba mai yi miki dariya. Allah ya kiyaye hanya."

Na ce amin. Na samu kujera ta jikin taga ina share hawaye da bakin ɗankwali. Tana nan a wurin tana ɗaure bakin mayafin a kan kayan. Kafin mu sha kwana na ga ta rungumi ƙullin ta juya, kanta ba mayafi sai ɗankwali, ta nufi gida da guzurina.