Yadda Buda Ya Nema wa Kifla Likita

A benenmu da ke unguwar Zemun babu wanda ya taɓa ganin Budimir ya tsaya a layi. Buda muke ce masa. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙa daraktan wata masana'antar takalma. Daraktoci sun zo sun wuce, masana'antar ma ta rufe, amma shi ya fito da abin da yake ganin ya fi fansho: ya san direban kowa. Daga direba a kai ga sakatariya, daga sakatariya a kai ga surukin mai ofis. A wurin Buda, duk abin da aka samu ta ƙofar gaba ragowa ne. Ko burodi zai saya, sai ya leƙa bayan kanti ya kira mai gashin da sunansa, a miƙo masa irin wanda ke jere a gaban kowa, ya fito yana murmushi.

Matarsa Slavka takan ce ranar da ya mutu, sai ya tsaya a ƙofar aljanna ya tambayi mai gadi ko ɗan wane gari ne.

Ni a ƙasansu nake, hawa na biyu. Ina koyar da ilimin sinadarai a sakandare, shi ya sa yake kirana Malama. 'Yata Isidora ta rasu shekara biyu da suka wuce, tana aji uku a jami'a. Ta bar littattafai da keke da wani ɓeran Masar mai ruwan ƙasa da ta raɗa wa Kifla, sunan ɗan burodin nan mai lanƙwasa. Littattafan na ba ƙawayenta, keken na ba ɗan ƙanwata. Kifla na riƙe. Cikin kayanta shi kaɗai ne yake jin an buɗe firij ya kama ihu.

Bayan Ista ya fara kuka idan zai yi fitsari, na kuma ga jini a dusar katakon da ke kejinsa. A wani asibitin dabbobi mai zaman kansa suka ɗauki hoto, suka nuna mini tsakuwa a mafitsararsa. Suka ce sai an yi masa aiki, kuma kada a ja lokaci. Kuɗin da suka faɗa ya haura albashina na wata, ni kuwa tun jinyar Isidora ba ni da ajiya.

A kan matakala na ci karo da Buda, ina riƙe da kwali.

"Malama, me ke ciki? Ɓeran ne?"

"Shi ne. Aiki za a yi masa."

"Aiki? Da wuƙa? A ina za su sami wurin yankawa?"

Na faɗa masa kuɗin. Ya dafa ƙarfen matakala.

"Da wannan ai ni ma sai a buɗe ni a gyara. Wa ya aike ki wurinsu?"

"Ba kowa. Allonsu na gani."

"Allo! Haka kawai kika shiga daga titi? Ke da iliminki? Bari kawai, ina da mutum."

Slavka ta leƙo daga sama. "Kada ki biye masa, maƙwabciya. Mutuminsa ne ya gyara mana injin wanki, ga ni yanzu ina wanki a baho."

"Ke dai koma kan tukunyarki, tsohuwa."

Ranar Asabar ya fito da kwat ɗinsa na zuwa biki, ya goge tsohuwar motarsa. A kujerar baya ya ajiye jakar gaisuwa, domin Buda ba ya zuwa wurin likita hannu sake: garin gahawa, da kwalin cakulan, da kwalbar barasar da wansa ke dafawa a ƙauye. Jakar ta ninka majinyacin nauyi.

Mutumin nasa ƙanen matar wanda ya tsaya masa a ɗaurin aure ne, wani Dokta Stojadin, a wani ƙauye bayan Batajnica. Mun same shi da takalmin roba har gwiwa, yana fitowa daga garken shanu. Ba a taɓa kwalin Kifla ba sai da aka dafa gahawa, aka bi dangi ɗaya bayan ɗaya, aka ji wanda ya mutu da wanda ya kamata a ce ya mutu. Ina zaune da kwalin a cinyata ina jin Kifla yana motsi kaɗan kaɗan. Daga ƙarshe Stojadin ya ɗaga murfin, ya leƙa, ya daɗe.

"Ina sauran nasa?"

"Shi ke nan," in ji Buda. "Ai aikin ba zai ɗauke ka lokaci ba."

"Buda, ɗan'uwa, ƙaramin majinyacina maraƙi ne. Allurar barcin da zan ɗiba mafi ƙanƙanta, in na yi wa wannan, sai tashin ƙiyama." Ya duba hoton da na miƙa masa a hasken taga, ya daina dariya. "Gaskiya suka faɗa miki, Malama, kada ki jira. Ki kai shi asibitin koyarwa na jami'a. Akwai wata yarinya a can, irin waɗannan take yi. Ba tsada, saboda ɗalibai suna kallo."

Buda ya gyara zama. "Madalla. Wa za mu ce ya aiko mu?"

"Ba kowa. Ku je da safe ku karɓi lamba."

"Lamba?"

"Lamba. A taga."

"Kamar marayu?"

Stojadin ya raka mu mota. Kwalbar dai ya riƙe ta.

A hanyar dawowa muka wuce gonakin masara. Sannan Buda ya ce in ba shi 'yan kwanaki, akwai wani da 'yarsa ke auren direban shugaban tsangayar likitan dabbobi ta jami'ar, lambar wayarsa ce kawai ta ɓace masa. Na buɗe kwalin. Kifla ya dunƙule a kusurwa, yankan kokwambar da na sa masa tun safe yana nan yadda yake.

"Ranar Litinin zan je," na ce. "Da lamba."

"Malama, ɗalibi za su ba ki ya koyi yanka da shi."

"In za ka kai ni, ka kai ni. In ba haka ba, akwai bas."

Ya kai ni. A ɗakin jira akwai wata mata da mage, da wani dattijo da aku a keji, da mu. Buda ya kasa zama. Ya je wurin mai gadi, ya tambaye shi garinsu, ya gano cewa ya taɓa kai darakta wani biki kusa da can. Ya zaro garin gahawa ya miƙa masa. Mai gadin ya yi godiya sosai, ya nuna masa kujerar da Buda ya taso daga kanta. Aka kira mage, aka kira aku, aka kira mu.

Likitar, Dokta Teodora, ba za ta girmi Isidora da yawa ba. Ta taɓa cikin Kifla da yatsa biyu, ta yi mini bayani ba tare da ƙawa ba. Ita za ta yi aikin da hannunta, a ranar, ɗalibai kallo kawai za su yi. Kuɗin kamar kashi ɗaya cikin huɗu na wancan. Yana iya ƙin farkawa. In ya farka kuma, dole ya ci abinci da wuri, domin irinsu idan hanji ya tsaya ba ya tashi.

Buda ya tura kwalin cakulan a hankali zuwa gefen hannunta.

"Kawu, kai wa matarka."

"Tana da ciwon suga."

"To ka ci da kanka. Ku jira a waje."

Muka zauna a kan benci, kwalin Kifla babu kowa ciki a tsakaninmu. Buda yana ta juya hularsa.

"Lokacin Isidora na kira kowa," ya ce. "Har tsohon darakta na kira. Ban faɗa miki ba."

"Na sani. Slavka ta faɗa mini."

"Ba wanda ya iya komai."

"Babu abin da za a iya, Buda."

Ya fyace hanci da ƙarfi, ya ce wanda ya ƙera bencin nan bai san aikinsa ba.

Kifla ya farka. Muka dawo da shi gida da ciki a aske da ɗinki siriri. Amma ya ƙi ci. Na dama masa abincin da likitar ta ba ni, na ɗura masa da sirinji, rabi ya shiga, rabi ya gangaro ta haɓarsa. Ciyawarsa ko kallo ba ta ishe shi ba. Na buɗe firij na rufe, na sake buɗewa. Shiru.

Washegari da rana Slavka ta sauko da ganyen faski da ta tsinko a tukunyar barandarta, Buda a bayanta da waya a hannu.

"Bari in kira Stojadin, shanu ma suna yin haka bayan..."

"Rufe mana baki, kana tsorata shi."

Ta durƙusa da ƙyar, ta miƙa ganye ɗaya ta tsakanin wayar keji. Muka tsaya mu uku a kansa. Hancin Kifla ya motsa. Ya ja jiki, ya kama bakin ganyen, ya tsaya kamar mai shawara. Sai ganyen ya fara gajarta, har ya kai yatsun Slavka. Ta miƙa na biyu, shi ma ya bi na farko.

"Ni na shuka shi," in ji Buda da raɗa.

"Ƙarya kake. Ko ruwa ba ka taɓa zuba masa ba."

Na tambayi Slavka ko za ta ara mini tukunyar gaba ɗaya. Ba ta ɗaga kai ba, ta ce wa Buda ya hau ya sauko da ita, ya kuma kula da bayansa.