Dattijon Da Ya Tambaye Ni Kwanan Wata

Jama'a, ni ba mai saurin yarda da labarin abin tsoro ba ne, amma wannan wallahi a kaina ya faru, shekarun baya, lokacin ina da ɗan shagon gyaran kwamfuta a Maƙarfi.

Wani tsohon malami ne a garin Gazara ya aika a kira ni. Ruwan damina ya rushe ɗakin littattafansu, rubutun hannun marigayi mahaifinsa duk ya narke a cikin laka, abin da ya rage kawai hotunan shafukan da aka taɓa ɗauka aka zuba a wata tsohuwar kwamfuta, ita kuma ta daina tashi, faifanta na ajiyar bayanai har ƙas-ƙas yake yi kamar mai shirin mutuwa. Malam ya ce, "Ɗan nan, ko sau ɗaya ne in sake ganin hannun Baba." Na bugi ƙirji na ce an gama.

Ashe na ɗauko ruwan dafa kaina. Duk manhajar da na saka ba ta ganin faifan, ya tsufa da yawa, dole sai na haɗa Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, da kaina tun daga tushe, wato in ɗauko rubutun da masu shi suka sake wa duniya kyauta, in ƙara abin da zai gane faifan, in bar laftof ɗina ta tattara shi ya zama manhaja. Kwana uku ina zaune a zauren Malam, sola na ba ni wuta, ina shan rake ina zufa. Aikin zai yi nisa, sai ya tsaya cik, ya zubo mini dogon saƙon kuskure. Na sake sauko da fayiloli, na canza wannan na goge wancan, na zagi laftof, na zagi masu rubutun da ba su san ina yi ba, a banza. Kunya ta hana ni kallon idon Malam.

Rana ta uku bayan azahar, ni kaɗai a zaure, sai na ji ƙamshin sabuwar tawada. Na ɗago, ga wani dattijo tsugune gefena, ban ji sallamarsa ba balle takunsa. Na gaishe shi, ya amsa. Ya ce, "Samari, mu in mun kwafi littafi ba ma rufe shi sai mun rubuta ranar. Kai naka aikin a wace rana yake?" Ya sa yatsan hagu, baƙi ƙirin da tawada, ya taɓa kusurwar gilashin laftof ɗin, daidai wurin agogo.

Na duba. Innalillahi! Batirin agogon laftof ɗin ya mutu, ta koma shekaru da yawa baya ban lura ba. Na ja saƙon kuskuren sama, ga shi ɓaro-ɓaro: sabon fayil ya girmi waɗanda aka samo shi daga gare su, a duba agogo. Ni kuwa layin ƙarshe kawai nake karantawa, wai ni gwani. Na gyara kwanan wata, na juya in yi godiya, babu kowa.

Kafin la'asar aiki ya kammala tsaf. Na loda manhajar, tsohuwar kwamfuta ta tashi, faifai ya buɗe, na kwashe hotunan nan kaf. Wayyo daɗi! Na yi kabbarar da ta fito da mutan gida. Malam ya zauna yana shafa gilashin yana hawaye, ni ma ban riƙe nawa ba.

Da na ce ina dattijon nan in gode masa, Malam ya ce babu baƙon da ya shigo yau. Na kwatanta shi. Ya ce, "Da wane hannu ya nuna?" Na ce hagu. Ya ce, "Allah Ya jiƙan Baba, bahago ne."

Tabon yatsan nan har yau yana kusurwar gilashina, na goge da fetur ya ƙi fita, kuma in na kalle shi tsikar jikina tashi take. Don haka in aiki ya tsaya muku, ku karanta saƙon tun daga sama, ku duba agogo. In kuma dattijo ya yi muku tambaya, ku amsa da ladabi.