Jan Zaren Yaya Ramatu

Ranar Asabar ta farko a babban hutu, shekarar da na cika tara, Baba ya kira ni da Yaya Ramatu bayan ɗaki tun ba mu karya kumallo ba. Watan Yuli ne, lokacin da ruwa ke ɗaukewa a Libreville, sama ta yi toka-toka, ba rana ba yayyafi. Ya shimfiɗa hankici a kan bulo, ya jera hantsakinsa biyu na gyaran agogo, da cokalin shayi, da ƙullin jan zare. Ya kama wani furen tumatir da bai gama buɗewa ba, ya tsaga shi da bakin hantsaki, ya zare 'yar rawayar hular da ke ciki, ya bar wani siririn koren tsinke tsaye shi kaɗai. Ya ce mu yi yadda ya yi. Yaya Ramatu, wadda ta girme ni da shekara biyu, ta durƙusa, ta ɗauke numfashi, ta cire nata tsaf. Ni kuwa ina matsa hantsakin sai furen ya guntule gaba ɗaya ya faɗo a tafin hannuna. Baba bai yi faɗa ba. Ya kama yatsuna ya miƙar da su a kan bulon, ya ƙwanƙwashe su ɗaya bayan ɗaya da ƙotar sukudireba, a natse, kamar yana aikinsa na kullum. Da ya kai ƙaramin yatsa ya ce, "Wannan hannun na ɗaukar jarka ne." Daga ranar aka raba mana aiki, ita fure, ni ɗiban ruwa.

Baba gyaran agogo yake yi, yana da ɗan teburi mai gilashi a bakin hanya a unguwar Akébé. Amma ɗan manomi ne, daga wani ƙauye a ƙasar Kura, inda yake cewa tumatir kan yi yawa har a shanya shi a gefen titi awaki su ƙi kallonsa. Mu a unguwar Alibandeng aka haife mu, a gidan haya na katako da kwano, tsakar gida ɗaya da iyalai biyar, famfo babu, jiragen sama na wucewa ƙasa-ƙasa har kwanukan Inna su yi ƙara a kan kanta. Bayan ɗakinmu akwai wani ɗan fili tsakanin bango da kwata, bai fi shimfiɗar tabarma huɗu ba. Nan ce gonar Baba: fasassun bokitai, jarkokin mai da aka yanke wa kai, da tsohuwar tayar mota. Tumatir iri biyu yake shukawa. Ɗaya babba ne mai tsoka, wanda mahaifiyarsa ta aiko masa da irinsa ƙulle a tsumma kafin ta rasu, ganyensa faffaɗa marar tsaga kamar na dankalin turawa. A ƙasar nan sai ya tashi lafiya lau, ya fara fure, rana ɗaya a wayi gari ya yi yaushi kamar an kwara masa tafasasshen ruwa. Ɗayan kuwa shi ne ɗan ƙaramin nan mai fitowa da kansa a bakin bola, 'ya'yansa kamar ƙwallon gilashin wasa, ga tsami ga iri cunkus, amma ko ruwa ya kwana uku yana zuba ba ya gezau. Burin Baba ya haɗa su aure, ya sami ɗa mai jikin uwa da taurin ran uba. Wani kafinta ɗan Najeriya da muke gida ɗaya ya sa masa suna limamin tumatir, matan gidan suka ɗauka, suna faɗa a bayan idonsa.

Shekara uku yana gwadawa bai dace ba. Idonsa ya fara dushewa, hannunsa ya fara rawa, ga agogon ma mutane sun fara daina kawowa tunda waya ta shigo. Shi ya sa ya nemi hannun yara. Kowace safiya, raɓa na bushewa, Yaya Ramatu za ta je gindin ƙaramin tumatir ta ɗan ƙwanƙwasa furensa da farce, wani ɗan gari rawaya ya zubo cikin cokali, ta lallaɓo da shi ta goga a kan tsinken babban da ta tuɓe wa hula jiya, sannan ta ɗaura jan zare a wuyan furen don a bambanta shi da sauran da suka yi ɗa da kansu. Ni kuma ina ta safa da marwa tsakanin gida da famfon unguwa a gangare, jarka a ka, sawu shida kafin azahar. In na gama in kwaso kashin kajin mai gidan hayarmu, in tankaɗe ƙasa, in gasa ta a rabin ganga don kashe cuta, hayaƙi na cika mini ido, ina jiyo ihun abokaina suna buga ƙwallo a filin bayan lakwal, wato makarantarmu. Aikin da na fi tsana shi ne tugewa. Baba zai shuka tsiro arba'in, ya tsuguna ya kalle su, ya nuna biyu, ya ce in cire sauran in zuba a kwata. "Mai tausayin tsiro ba ya samun iri," in ji shi.

Ɗaya daga cikin waɗanda aka yanke wa hukuncin ne na ɓoye. Ɗan ƙarami ne mai lanƙwasasshiyar ƙafa. Na dasa shi a gwangwanin madara bayan banɗaki, inda ba mai zuwa, ina rage masa ruwa daga jarkar ƙarshe. Ya tashi a karkace, ya yi fure, ya yi 'ya'ya bakwai, ina ƙirga su safe da yamma. A duk gidan nan shi kaɗai ne abin da yake nawa. Wata Lahadi cikin Agusta Baba ya zagaya neman katako ya gan shi. Ya tara mu ya tambayi wanda ya shuka. Yaya Ramatu ta sani, amma ba ta tona ni ba. Ya sake tambaya, ya fara zare bel, sai idonta ya kufce ya faɗo kaina. Bai dake ni ba ranar. Ya ce shukar da ba a gasa wa ƙasa ba ita ke jawo wa sauran cuta, ya sa na tuge ta da hannuna, na tsinke 'ya'yan bakwai na jera a ƙasa, na take su da ƙafa babu takalmi ɗaya bayan ɗaya, yana ƙirgawa da baki. Yaran gidan sun yi cirko-cirko suna kallo. Biyu daga cikin 'ya'yan tumatir ɗin sun riga sun fara ja.

A wannan shekarar babban tumatir guda ɗaya tak ya tsira, kuma fure biyar cikin waɗanda Yaya Ramatu ta taɓa suka kama. Biyar ɗin nan Baba kan duba su kafin ya tafi aiki, ya duba in ya dawo, har da gilashin da yake maƙalawa a ido. Kwana uku bayan abin da ya faru, Baba yana Akébé, Inna ta tafi kasuwa, Yaya Ramatu tana tsallen roba da ƙawayenta a ƙofar gida, na shiga gonar. Hannun da aka ce na jarka ne ya kwance zare biyar ba tare da ya karya ko gashin ganye ba, ya ɗaura su a kan wasu 'ya'yan na kusa masu girma ɗaya. Ban yi tunanin abin da zai biyo baya ba. So nake kawai wani abu nasu ya lalace yadda nawa ya lalace. Da suka nuna, Baba ya tsinke masu zaren da bisimilla, ya matse irin a kofi, ya bar shi kwana uku ya yi kumfa, ya wanke, ya shanya a takarda. Na gaskiyar kuwa, 'ya'yan wahalar shekara huɗu, Inna ta jajjaga su a miya. Na ci tuwo da miyar, har na ƙara.

Ya shuka irin da ruwan farko, bayan an koma lakwal. Ya riga ya faɗa mana alamar: in auren ya kama, ganyen 'ya'yan zai fito da tsaga irin na uban, in kuwa ya fito faffaɗa, to uwar ce ta haifi kanta. Mako uku muna jira. Ranar da ganyen gaskiya ya buɗe, tsiro sittin da wani abu, babu ko ɗaya mai tsaga. Baba ya daɗe a tsugune. Sannan ya kira Yaya Ramatu, tana sanye da rigar lakwal, jakarta a baya. Ya ce ta yi ha'inci, ta bar furen ya buɗe kafin ta taɓa shi saboda hankalinta na wurin wasa. Ta rantse ba haka ba ne. Rantsuwar ce ta ƙara tunzura shi. Ya dake ta da bel ta wajen ƙarfen har Inna ta faɗa tsakani ita ma ta samu rabonta, har mai gidan haya ta fito tana ihu da Faransanci za ta kira hukuma. Ina tsaye jikin ganga da jarka a hannu. Kalma huɗu ko biyar za su isa. Na buɗe baki sau ɗaya, na ga bel ɗin, na rufe.

Dukan bai isa ba. Da yamma ya ce wadda ba ta iya riƙe amanar fure biyar ba, ba ta da abin da za ta riƙe a aji. Shekararta ta ƙarshe ke nan a firamare, ita ce ta biyu a ajinsu, malamarsu ta zo har gida sau biyu tana roƙo a bar ta ta zauna jarrabawar sertifika ta gama firamare. Baba ya ba ta kujera, ya saurare ta, ya raka ta ƙofa. Kafin mako ya zagayo aka haɗa kayan Yaya Ramatu a buhu, aka kai ta unguwar PK8 wurin Goggo, ƙanwar Baba, mai sayar da kayan miya a bakin tasha. Littattafanta ni aka ba. Shekara biyu bayan haka ina karatu da su, da sunanta a bangon, an ja masa layi an rubuta nawa a ƙasa. Hantsakin ma ni aka ba, tunda babu wani. Rani mai zuwa na ci duka har na iya, fure uku suka kama, ganye ya fito da tsaga. Muka yi ta shukawa muna tugewa shekara biyar, don jikokin farko kowanne da kamarsa, wani tsami, wani ruwa, wani ya mutu, har aka tsaya a kan guda mai girman ƙwan kaza, mai tsoka, wanda damina ba ta kashewa. Hausawan unguwa suka riƙa zuwa roƙon iri, suka sa masa suna ɗan agogo. Baba kan dafa kaina a gabansu ya ce, "Hannun yaron nan ne."

Sai bayan rasuwar Baba na iya zuwa na faɗa wa Yaya Ramatu. Ina da shekara ashirin da bakwai, na gama karatu, ina aiki a ofis. Na same ta a teburin Goggo wanda ya zama nata, motocin haya na taksi-bis na ta hon a bayanta, tana kasa tumatir ɗin Kamaru huɗu-huɗu. Na faɗi komai ina kallon ƙasa. Ba ta daina kasawa ba. Ta ce, "Iliya, ai na sani tun ranar. Kowa ya yi mamakin ganyen, ban da kai." Na ce me ya hana ta faɗa. Ta ce, "Na faɗa. A hanya, ranar da ya kawo ni nan. Sai da muka wuce PK5 sannan ya ce magana zarar bunu ce, ya riga ya furta a gaban jama'a." Wata mata ta zo sayen attarugu, ta juya ta sallame ta, ta ƙara mata gyara.

Yanzu gidan katakon babu shi, bene ne mai hawa uku, filin gonar an malale shi da siminti ana ajiye mota. Ɗan agogo kuwa yana nan a bayan gidaje da yawa daga Alibandeng har Akébé, yawancin masu shuka shi ba su san daga ina ya fito ba. Ni ma ina da bokiti shida a baranda. 'Ya'yana ba sa ɗiban ruwa, famfo na cikin kicin, kuma in suka karya fure dariya muke yi. Wani lokaci nakan tuna yadda Yaya Ramatu ke karanta mini darasi a bakin ƙofa tana kwaikwayon muryar malamarsu, ina dariya har in shaƙe, in rasa yaushe ne rabona da jin ta yi wasa irin wannan. Muna zumunci, ranar Sallah a gidanta muke yini, ni nake biya wa 'yarta ta fari makaranta, ta kuma ce ta yafe mini duniya da lahira. Amma duk shekara in na kai mata na farkon nuna a kwano, sai ta yi godiya, ta kira yaran maƙwabta ta raba musu. Yafiya takan wanke mai laifi, ba ta mayar wa mutum shekarunsa.