Malam Layi-layi da Shafi na Bakwai

Ɗalibai ne suka laƙaba masa Layi-layi, sunan kuma ya bi shi har masu gadin ƙofar jami'a da shi suke gaishe shi. Dalili kuwa, in ka kawo masa hujjar lissafi, ba ya karanta ta kamar sauran malamai. Farar takarda yake ɗaukowa ya rufe shafin gaba ɗaya, ya riƙa zame ta ƙasa kaɗan-kaɗan. Layi ɗaya na leƙowa sai ya tsaya ya ce, "To, wannan daga ina ya fito?" In ka kuskura ka ce ai a bayyane yake, ka janyo wa kanka. Zai cire tabarau ya dube ka ya ce, "A bayyane ga wa? Ni dai ban gani ba." Akwai bawan Allahn da ya yi wata uku a kan shafi biyu.

Shekararsa hamsin da tara. Ofishinsa yana hawa na biyu, can ƙarshen baranda, jikin ɗakin da ake jibge kujerun da suka karye. Tebur ne, da allo mai tsaga a kusurwa, da fankar da ta fi ba da ƙara a kan iska. Sashensu na masu binciken ƙa'idojin kwamfuta ne, wato mutanen da ba sa gyara ta, ba sa sayar da ita. Surukinsa sai da ya kawo masa waya sau uku kafin ya yarda cewa Malam ko murfinta bai iya buɗewa ba. Aikinsu shi ne su kafa hujja a kan abin da kwamfuta za ta iya da wanda ba za ta iya ba, da irin lokacin da aiki zai ci mata.

Ba shahararre ba ne, abu ɗaya tak aka san shi da shi. A ce kana da ayyuka da yawa da injuna kaɗan, wasu ayyukan kuma ba sa farawa sai wasu sun gama. Yaya za ka raba su a gama da wuri? In ayyukan suka yi yawa, gano rabon da ya fi kowanne kyau yana iya cin kwamfuta shekaru. Shi sai ya fito da wata dabara mai sauri, ya kafa hujja cewa ko waɗanne irin ayyuka aka kawo, ba za ta makara da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu ba. In mafi kyawun rabo awa takwas zai ci, nasa ba zai haura goma ba. Takarda ce mai shafi goma sha ɗaya. Da ita ya samu ƙarin girma, saboda ita ake gayyatarsa taro jefi-jefi.

Abin da ba wanda ya sani shi ne, shekara goma sha shida ke nan Malam bai buɗe shafi na bakwai na takardar nan ba.

A shafin, hujjar ta rabu gida uku. Ranar da za a rufe karɓar takardu, ƙarfe biyar na yamma, ya gama gida biyu tsaf, yana shirin kama na uku, sai aka kira shi daga asibiti cewa naƙuda ta zo wa matarsa da gardama. A gaggauce ya rubuta, "Na ukun ma haka yake, a bayyane yake," ya aika, ya fita da takalmi a hannu. Niyyarsa ya dawo ya cike gurbin. Aka haifi auta lafiya, masu tantancewa su biyu suka wuce layin ba wanda ya ɗaga gira, mujalla ta buga. Daga nan kuma tsoro ya hana shi komawa. Tun a lokacin wani abu ya ɗan sosa masa rai game da gida na ukun, inda ayyuka biyu ke jiran aiki guda, amma ya danne. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Duk taron da wani ya ɗaga hannu ya ce yana da tambaya a kan takardar, sai gaban Malam ya yanke ya faɗi, har sai ya ji ashe shafi na huɗu ake nufi. Tsananin da yake yi wa ɗalibai ma daga nan ya samo asali, shi ya san haka, bai dai taɓa faɗa wa kowa ba.

Ɗalibarsa ta ƙarshe ana ce mata Sarkin Naci. Shekara huɗu tana digiri na uku a hannunsa, ta bar ɗanta ƙarami wajen mahaifiyarta a wani gari mai nisa, sai ƙarshen wata take zuwa ganinsa. Babi uku cikin biyar na kundinta a kan sakamakon Malam suka tsaya. Ta koyi halinsa sarai, duk takardar da ta ɗauko sai ta bi ta da farar takarda. Tasa kaɗai ta ɗauka a yadda take. Ai kuwa ba laifinta ba ne, wa zai zauna yana tuhumar aikin Layi-layi? Ranar da aka sa mata ta kare kundin, ita da kanta ta rubuta ta a kusurwar allon ofishinsa, ta zagaye da alli, ta rubuta a ƙasa: kada a goge.

Saura kwana tara, ran Litinin da hantsi, ta shigo da kwamfutarta a buɗe, tana murmushi.

"Malam, da na so in ɓoye maka sai ranar, amma na maƙale. Ka san manhajar nan da ake yayi yanzu, wadda ake shigar mata da hujja tana bi mataki-mataki, in akwai giɓi ta ƙi wucewa? Wata biyu ke nan ina shigar da takardarka a ciki. So nake in sa a ƙarshen kundina cewa har inji ya shaida aikin malamina."

Malam ya gyara zama. Ya ce, "Madalla, 'yata. Ina kika maƙale?"

"Shafi na bakwai, gida na uku. Duk yadda na juya sai ta nuna ja. Na san ni ce ban fahimci abin da kake nufi ba. In ka samu sarari ka warware mini, ai a wajenka minti goma ne."

"Bar mini, zan duba."

Tana fita ya tashi ya murza makulli. Ya zauna a kujerar baƙi. Fanka na ta ƙara amma zufa ta jiƙa masa riga sharkaf. Tsoro ya ji, tsoro irin na yaron da ya fasa abu aka ce a kira shi. Ya jawo durowar ƙasa ya fito da mujallar, ya yi kusan rabin awa tana kan cinyarsa kafin ya buɗe. Layin na nan yadda ya bar shi, gajere, ko rabin faɗin shafin bai kai ba.

Yinin ranar da safiyar Talata ya yi yana neman cike gurbin. Ya bi ta nan ta toshe, ya bi ta can ta toshe. Da ya ga haka sai ya juya ya yi abin da ya kamata ya yi tun auta na cikin zanen goyo, ya shiga neman misalin da zai karya maganarsa. Bai sha wahala ba, abin da ya fi ba shi tsoro ke nan. Kafin ƙarfe biyu na rana ya samu: ayyuka bakwai, injuna uku, biyu daga ayyukan suna jiran guda. Mafi kyawun rabo awa takwas. Dabararsa ta ba da goma sha ɗaya. Ya sake lissafawa sau shida, har da ƙirga da yatsu kamar ɗan aji ɗaya, goma sha ɗayan nan ba ta motsa ba. An sha gwada dabarar a kwamfuta sau dubbai ba ta taɓa kasawa ba, amma a sana'arsu dubu ba ta zama hujja, misali ɗaya kuwa ya isa ya rushe komai.

Ya koma gida da rana tsaka, abin da bai saba ba. Matarsa, wadda ta yi ritaya daga aikin jinya, tana ninke wanki a falo. Kallo ɗaya ta yi masa ta ajiye rigar da ke hannunta.

"Baban auta, wa ya rasu?"

"Ba kowa."

"To hawan jinin ne? Zauna in auna ka."

Ya zauna, ta ɗaura masa abin awo, shi kuma ya kwashe komai ya faɗa mata, tun daga kiran asibiti. Ba ta san lissafin ba, amma ta san mijinta. Ta ce, "Yanzu in ka yi shiru, wa zai gane?"

"Wataƙila ba kowa. Mai jarrabawar da zai zo daga waje ya san takardar, ya yarda da ita. Sai in ce mata manhajar ce ba ta inganta ba tukuna, ta cire wannan ƙarin, ta kare kundinta lafiya."

"Daga baya fa?"

"Daga baya wani yaro a wata ƙasa zai shigar da ita a injin. Bana ko baɗi. Sai ta faɗi, ta ja kundin yarinyar nan su tafi tare, lokacin ta riga ta kama aiki da shi."

"In ka faɗa kuma?"

"Babi uku sun tafi. Shekara guda aƙalla, in ma ta gyaru. Ɗanta har ya fara kiran kakarsa Mama." Ya dafe kai. "Wallahi tsoronta nake ji. Ban taɓa jin tsoron shugaban sashe haka ba."

Ta kwance abin awon ta naɗe. "Jininka ya hau, amma ba zai kashe ka yau ba. Ni dai shekara da shekaru ina jin ka kana hana 'ya'yan mutane barci a kan layi ɗaya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Malam."

Duk da haka ran Laraba bai je ofis ba. Ya aika cewa mura ce, mutumin da ko zazzaɓi bai taɓa hana shi aji ba. Wayarsa ta yi ƙara sau biyu, ya ga Sarkin Naci ce, ya kifa ta a kan tebur. Har saƙo ya rubuta mata cewa ta cire ƙarin kawai, lokaci ya ƙure. Ya karanta, ya ga ba ƙarya ko ɗaya a cikin kalmomin, kuma duk da haka ƙarya ce tsagwaronta. Ya goge.

Ran Alhamis da safe ya riga ta zuwa. Ya rubuta misalin a takarda da hannunsa, tsaf-tsaf, aiki bakwai, inji uku. Da ta shigo tana tambayar jiki, sai ya miƙa mata.

"Zauna ki duba wannan. Yadda na koya miki."

Ta dube shi, ta ɗauki farar takarda daga kan teburinsa ta rufe shafin. Ta fara zamewa. Malam ya zuba wa hannunta ido. A rayuwarsa bai taɓa roƙon Allah ya sa ya yi kuskuren lissafi ba sai ranar. A layi na biyar hannunta ya tsaya, ta koma sama, ta sake saukowa. Da ta kai ƙarshe ta ajiye farar takardar.

"Sha ɗaya," ta ce a hankali.

"Sha ɗaya."

"Ke nan ba ni ce ban fahimta ba."

"Ba ke ba ce. Injin ya fi ni gaskiya. Ban taɓa yin gida na ukun ba, 'yata. Na rubuta a bayyane yake, na tafi."

Ta juya ta kalli allo, inda ranar take a zagaye. Idonta ya kawo ruwa amma ba ta bari ya zubo ba. "Tun yaushe ka sani, Malam?"

"Misalin, tun shekaranjiya. Tsoron kuwa, tun kafin ki gama sakandare."

"Kuma ka bar ni na ɗora babi uku a kai."

Ya ce yau zai rubuta wa mujallar, zai kuma je wajen shugaban sashe da ƙafarsa ya ce laifin nasa ne. Ta tashi ta je gaban allo, ta sa tafin hannu ta goge ranar, har da kada a goge ɗin. Ta ɗauki wayarta ta fita baranda, ta bar ƙofar a buɗe.

Yana jin ta. "Mama, kada ku kamo hanya ran Talata. A'a, ban faɗi ba. An ɗaga ne." Shiru. "Ban sani ba tukuna, Mama. Ba ni shi mu gaisa."

Malam ya sunkuyar da kai yana sauraron yadda ta sauya murya tana yi wa yaron wasa, tana ce masa ta kusa zuwa. Ya tabbata daga nan jakarta za ta ɗauka ta sauka, ta nemi a sauya mata malami, kuma da ta yi haka ba zai ga laifinta ba.

Ta dawo da farin alli a tafin hannu. Ba ta zauna a kujerar baƙi ba. Ta jawo ta ta kawo gefen teburinsa, ta ɗauki mujallar, ta wuce shafi na bakwai ta koma na farko. Ta ɗora farar takarda a kai, ta zame ta har layi ɗaya ya leƙo. Ba ta kalle shi ba.

"To, Malam," ta ce, "wannan daga ina ya fito?"