Shafin da Na Bari Fari

Ƙarfe huɗu da kwata na yammacin wata Laraba abin ya fara lalacewa, lokacin da sakataren ƙungiyarmu ta karatu ya juya shafi na uku na labarina ya tarar babu komai a kai.

A Gashuwa nake karatun koyarwa a lokacin, zamanin soja. Malaminmu na adabi, wanda bai daɗe da dawowa daga jami'a ba, shi ke tara mu a gindin darbejiya, ana maganar talaka da masu cin guminsa. Ni kaɗai ce ba na magana. Amma da aka ce za a fitar da 'yar mujalla, na kawo labari.

Labarin wani mai zanen bayan mota ne a tashar Nguru. Ya zana zaki, ya zana dawisu, amma ya kasa zana fuskar matarsa. Na fara da tsufansu, na yi baya har daren aurensu. Da suka shiga ɗaki sai na tsaya, na bar shafi fari. Haka na ga 'yan rakiyar amarya na yi a unguwarmu: su kai ta, su yi barkwancinsu, su saki labule, su watse.

Sakatare ya ce tsoro ne. A cewarsa marubutan zamani ba sa tsayawa a bakin ƙofa, kunya ma wata sarƙa ce. Wani ɗalibi ɗan Dagona ya ce takarda ta yi wuya, gara a cika gurbin da kukan manoman fadama da ruwa ya daina isowa gonakinsu. Maganarsa ta fi damuna, don gaskiya ce.

"Malama mai shiru, har takardarki ma ta koyi halinki," in ji sakatare. Aka yi dariya. Malam ya naɗe takardun ya sa a aljihu.

Hutu ya zo, na koma gida Nguru. Kullum in na bi ta tasha sai in tsaya kallon bayan motoci, ina gwada abin da zan cika shafin da shi. Ban samu ba.

Da muka dawo na iske malam a ɗakin injin buga takardu, hannunsa duk tawada. Na gaishe shi, na daɗe a tsaye, sannan na tambaya ko za a cire shafin.

Bai ɗago ba. Ya ce, "Zai fita fari. Na kira ɗan Dagona, na ba shi nawa shafin na mujallar, ya rubuta kukan manoman. Ke dai ki sa masa lamba a ƙasa, kada a ce injinmu ne ya lalace."