Fuskar 'Yata a Gilashin Fegge

Ɗan abokina ya ɗauki fuskar 'yata, matar aure da ke cikin kulle, ya rataye ta a gilashin shagonsa a bakin titin Fegge a Anacha, 'yan dako da 'yan kamasho suna wucewa suna kallo. Abin da aka yi mini ke nan. Karatuna a elemantare ya tsaya, ban iya kwana-kwana ba, yadda abin ya faru haka zan faɗe shi.

Shekarar da aka sauke tutar Bature na bar aikin reluwe. Bayana ne ya gaji da juya wa jirgi hanya a tashar Inugu, aka sallame ni da fansho tun da sauran ƙarfina. Wani injiniya Bature da zai koma ƙasarsu ya sayar mini da akwatin hotonsa, irin wanda ake ratayawa a wuya a leƙa ta sama. Abokan aikina wasu suka buɗe tireda, wasu suka koma arewa noma. Ni na kama yawo. Jirgi bai cin kuɗina, sai in hau in tafi Fatakwal wurin babban ɗana, in ɗauki hoton shanu ana sauke su daga tarago, in ɗauki jikokina sun ƙame kamar an kai su gaban alƙali. In na ratsa kwatar Ogui a Inugu mahauta su yi ta ihu: “Ga shi nan! Bature ya tafi ya bar mana baƙinsa!” Ban taɓa jin daɗin rayuwa kamar farkon shekarar nan ba.

Autarmu tana aure a Anacha, gidan wasu attajiran goro da suka daɗe a garin. Kullensu mai tsanani ne, ko zaure ba ta leƙawa. Mijin kuma ba ya son hoto, ya ce mala'iku ba sa shiga ɗakin da yake. Da ta haihu, uwarta tana kwance a gidanmu na Obiagu, can Inugu, da ciwon ƙafa, ba ta iya zuwa, ita ma yarinyar ba a bari ta zo wanka gida ba. Ranar da zan tafi suna matata ta ce, “Malam, ka zuba mini su a akwatin nan naka in gan su.”

Washegarin suna, mijin yana kasuwa, na shiga sallama da 'yata. Na ɗauki jaririn, ya tsula mini fitsari a babbar riga. Na miƙa mata shi, ta fashe da dariya har ɗankwalinta ya zame, ni kuma na danna. Ban tambayi kowa ba. Tun yaushe uba ke neman izini ya kai wa uwa fuskar 'yarta?

Mai wanke mini fim a Anacha ɗan wani abokina ne da ya rasu. A Fegge aka haife shi, Ibo a bakinsa kamar ruwa, ya kai shekara talatin, yana da shagon hoto nasa. Na zaɓe shi ne don ɗan gida ne, ya san abin da kulle yake nufi. Na ce masa, “Akwai ƙanwarka a ciki. Kai kaɗai za ka gani.” Ya ce, “Haba Baba.” Ya ba ni hotuna, na kai wa matata na 'yarta, ta sa shi ƙarƙashin matashi.

Bayan ƙaramar salla wani dillalin shanu ya ja ni gefe a Ogui. Ya daɗe yana gaishe ni, gida, iyali, ƙafar uwargida, har na gane akwai magana. Sannan ya ce, “Na ga wata a gilashi a Fegge, da jariri, kai ba lulluɓi. Ƙila kama ce.”

Ban koma gida ba, na shiga motar Anacha. Duk hanya ina lissafa mutanen da ke bin titin nan zuwa kasuwar bakin kogi: yaran shagon sirikina, ƙannensa, ladanin unguwarsu, dillaliyar da ke shiga gidajen kulle da atamfa da labari. Mota na tsayawa a kowane ƙauye ina ji kamar in sauka in tura ta.

Daga nesa na hango ta. An ƙara mata girma, ta kai faifai, an shafa wa leɓenta ja. Wasu 'yan dako biyu suna tsaye suna cin gyaɗa a gabanta. Na shiga na finciko hoton da hannuna.

“Baba, no ves,” in ji mai shagon da Turancin kasuwa, wai kada in yi fushi, yana dariya. “Hoton ne ya yi kyau. Wallahi hannunka ya fi na masu shago. Tun da na sa shi ciniki ya buɗe.”

“Wa ya gani?”

“Wa zai gane ta? Ai ba wanda ya san fuskarta.”

“Matan unguwa ba su da ido? Guda nawa ka wanke?”

Ya sosa ƙeya. Ashe wani tela ya gani ya so, wani mai aski ma haka, da wasu da ya ce bai riƙe fuskarsu ba.

Na karɓi baƙin fim ɗin na ƙona shi a murhun mai ƙosai. Na bi tela na karɓo nasa. Na sami mai aski ya manna ta kusa da madubi, tsakanin hoton wani ɗan dambe da kalanda, sai da na haɗa shi da Allah ya ɓamɓaro ta. Sauran fa? Na yi ta zagaya Fegge ina leƙa shagunan mutane kamar ɓarawo. Duk wanda ya dube ni sai in ga kamar ya sani. Na je har bakin layin sirikina, na hango ƙofar gidan, na kasa ƙarasawa. In na shiga me zan ce? In ban shiga ba, wa zai riga ni?

Na koma Inugu ban gaya wa matata ba. Na cusa akwatin a ƙarƙashin gado. Fatakwal ma na daina zuwa, don kada wani abu ya iso ba na nan. In aka yi sallama a ƙofa da muryar da ban sani ba, tuwo ya fita raina. A masallaci nakan tsaya sahun baya in riƙa duban ƙeyar baƙi, ko akwai ɗan Anacha. Damina ta wuce a haka, har na fara cewa Allah ya rufa asiri.

Ranar wata Laraba da hantsi na ji mota ta tsaya. 'Yata ta sauko da goyo, ƙanin mijinta na biye da akwati ɗaya. Ya durƙusa ya gaishe ni da ladabi. Ya ce yayansa ya ce ta zo ta duba jikin mahaifiyarta. Na ce har yaushe? Ya ce ba a faɗa masa ba. Ko ruwa bai sha ba ya juya.

Ba a sake ta ba, ba a zo biko ba. Ta ce surukarta ce ta shigo mata da hoton a ƙullin zane, ta ajiye a gabanta. Na aika dattawa, aka karɓe su da goro da fara'a, aka ce ana nan ana shawara. Yaron ya fara rarrafe a tsakar gidana. Ita kuma in ta ji ƙarar mota sai ta ajiye abin da ke hannunta ta kasa kunne. Ni ma haka.

A cikin wannan zaman ne mai shagon ya zo Obiagu da kansa, da sabuwar hula da ƙunshin goro. Ya sami yarinya a Fatakwal, 'yar mutunci, iyayenta sun ce ya turo manyansa. Ubansa ba ya raye, ba shi da kowa a kudu sai ni.

“Baba, abin da ya wuce ya wuce. Kai ne ubana.”

Na kira 'yata ta kawo masa ruwa, don ya ga yadda ta koma. Ya kasa ɗaga kai. Da ta shige na ce masa:

“Zan je. Darajar ubanka ta kai in hau jirgi saboda kai. Amma ka san in an zauna za su tambaye ni halinka, kuma ni ban iya ƙarya ba. Zan ce yaro ne mai sana'a, ba ya sha, ba ya caca. Sannan in ce su tambaye shi a wane gilashi zai rataye musu 'yarsu in ciniki ya ja baya. In ka yarda, sa rana. In ba ka yarda ba, ɗauki goronka, gidan nan ba mai iya tauna shi.”